Ni Na Kai Jikan Tanko Gida-Gida

Zuwa ga Mai girma Daraktan gidan rediyon karkara da muke saurare a ƙauyukan arewacin Tawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da dukan ma'aikatanka.

Shekarar babbar yunwa, wadda shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya har mahauta suka gaji da fiɗa, muka rayu da jar dawa ta taimako, a shekarar nan ne Tanko ya bar garinmu. Ya ɗora tabarmi bisa jaki, ya sa matarsa da ɗiyansa gaba, ya nufi kudu. Ina saurayi lokacin, ni na riƙe masa jakin har bakin gari. Bai komo ba, babu saƙo, babu labari. Gonarsa na nan gabas da tsohuwar rijiya, dangi ke nomanta, amma har yau gonar Tanko ake ce mata.

Ni ne Nomau ɗan Illo, tsohon da kuka ɗauki muryarsa bara a shirinku na tarihin garuruwa. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ban iya riƙon alƙalami ba. Maƙwabcina Mushe Sha'aibu, tsohon malamin lakwal, shi ke rubutawa, ni ke faɗi. Ya so ya sassauta wasu kalmomi, na hana. Na ce kuma a liƙa takardar nan inda jama'a za su gani, don abin da ke ciki ba na ni da kai kaɗai ba ne.

Na ɗaya. Da ma'aikatanku suka zo, na ba su tarihin garinmu tun daga wanda ya fara sare daji. Na ba su labarin Tanko duka: sunan ubansa, gawon da ke tsakiyar gonarsa, ɗingishin da yake yi tun da raƙumi ya taka shi. Kuka sa shirin, kuka maimaita, 'ya'yanmu da ke biɗar kuɗi a Abijan da Libiya suka riƙa tura wa juna ta waya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A cikin shirin na yi kuskure guda: na ce uwar Tanko 'yar garin Bambeye ce, alhali 'yar garin Barmu ce. Na tuna bayan motarku ta tafi. Ban aiko a gyara ba, don ban saba a ce Nomau ya manta ba.

Na biyu. Bayan ƙaramar Salla kuka karanta sanarwa safe da yamma, cewa wani porje, wato shiri na taimakon manoma, ya sauka a ƙasarmu ta Adar, zai raba iri mai saurin nuna da taki da amalanke, wakilinsa zai zaga ƙauyuka. Ba a jima ba wakilin ya iso garinmu bisa moto, wato babur, da jaka da takardu masu hatimi. Bai nemi gidan hakimi ba, gidana ya nema. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce shi Abdu ne, jikan Tanko. Ya ce kakansa ya rasu a kudu da sunana a bakinsa, wai yaron da ya riƙe masa jaki. Ya ambaci gawon, ya ambaci ɗingishin. Mai girma Darakta, na yi kuka kamar wanda aka yaye.

Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san al'adarmu. In jinin wanda ya ɓace ya komo, ba a barinsa ya shiga gidaje shi kaɗai. Dattijon da ya san asalinsa shi ke kama hannunsa, ya kai shi ƙofa-ƙofa, ya ce ga ɗanku ya komo, a ba shi ruwa, a dama masa fura, a nuna masa gonar kakansa. Wanda aka zaga da shi haka ya daina zama baƙo, kuma ba a tambayarsa takarda. Ni na kama hannun mutumin nan. A kowace ƙofa, in na gama faɗin asalinsa, sai shi ya ɗora da zancen porje: jika biyar, wato sefa dubu biyar, kuɗin shiga ga mai son iri da taki, jika arba'in ga mai son amalanke, kuma a yi sauri, wai Juma'a ake rufewa, wai don garin kakansa ne ya ɓoye mana gurbi.

Na uku, kuma nan ne nawa laifin. Muna tsaye a gonar Tanko, gaban mutane, mutumin ya ce kakansa yakan ba su labarin uwarsa 'yar Bambeye. Jikan gaskiya da Barmu zai ce, ko ya yi shiru in bai sani ba. Bambeye a bakina kaɗai ta taɓa fita, kuma a rediyonku. Na ji, na gane, na haɗiye. In na tsayar da shi, sai na faɗa wa gari cewa na yi kuskure a rediyo, duniya na ji. Na ce wa raina wataƙila ni ne tsufa ya rikita. Muka wuce gida na gaba.

Gida na gaba na Hajo ne, matar wana marigayi. Tun tana amarya muke wasa da ita. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai ƙaramin miji, ko mai bakin ganga. Jikoki uku take riƙo, ubansu ya tafi Libiya, an daɗe ba a ji shi ba. Ita kaɗai ce a garin nan ta yi gardama. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin taimakon da matalauci ke fara biya ba, ko jar dawar yunwa ba a karɓi dala a hannunta ba. Ta ce kuma yaron nan kunnuwansa ba na gidan Tanko ba ne. Na mayar da abin wasa. Na ce tsohuwa rowa ce ke damunta, ta saki ragon nan nata na layya kafin ya gaje ta. Mutane suka yi dariya. Ta dube ni ta ce to, tun da ƙaramin miji ya tsaya masa, ta yarda.

Ta sai da ragon da take turkawa don Babbar Salla. Kuɗin bai cika ba, ta buɗe rumbu ta fiddo dammunan hatsin da ta ware na iri, waɗanda ko jikokin sun kwana da yunwa ba ta taɓawa. Ni na ce mata mi za ta yi da tsohon iri, ga sabo na tafe. Jika arba'in da biyar ta ƙirga masa a gabana. Gidaje sama da talatin suka biya, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ya ba kowa 'yar takarda mai hatimi, ya ce ranar Laraba mota za ta zo. Laraba muka share fili, muka zauna har rana ta faɗi. Lambar wayar da ya bar mana tun ran nan a kashe take. A meri, ofishin magajin gari, an ce ba su san porjen ba. Jandarma sun ɗauki bayanina, sun ce sun ji irin wannan daga wani ƙauye wajen Kalfu, can kuma jikan wani ɓataccen ne ya zo.

Babu wanda ya zage ni a gari, da ma sun zage ni. Hajo kuwa yanzu in mun gamu sai ta rusuna ta ce ina kwana Malam Nomau. Shekara hamsin ba ta ce mini Malam ba. Hadari ya fara haɗuwa gabas, kowa na gyaran kalmensa na noma, ita rumbunta babu abin shukawa.

Na huɗu, naku. Ban ce kun haɗa baki da ɓarawo ba, Allah ya kiyaye. Amma mutum ya shigo da kuɗi da takarda, kuka karɓa kuka karanta, ba wanda ya ɗaga waya ya tambayi meri, ga ta nan kusa da ku. Mu a ƙauye abin da rediyo ta faɗa kamar hukuma ce ta faɗa. Da abin ya faru na zo gidanku har sau biyu, don a gargaɗi sauran garuruwa. Zuwan farko aka ce kana taro. Zuwa na biyu wani ma'aikaci ya ce mini sanarwa jika uku ce kowane karatu. Na ce masa ai ba talla na kawo ba. Ya ce doka ce. Lokacin da kuka ɗauki tarihina yini guda, ban ce ku biya ba, har fura aka dama muku.

Ga abin da nake roƙo. Kada ku ƙara karanta sanarwar porje ko rabon kaya sai kun ji daga meri cewa an san da shi. Ku riƙa faɗa wa mutane, da Hausa da Buzanci, cewa duk taimakon da aka ce sai ka fara biya, ba taimako ba ne, kuma wanda ya ce yau-yau ake rufewa so yake kada ka yi shawara. Hatimi ana sassaƙa shi a kasuwa. Ku faɗa wa tsofaffi irina cewa baƙon da ya san asalinka, wataƙila a rediyo ko a waya ya ji, a tambaye shi abin da ba a taɓa faɗi a fili ba, a kai shi gun hakimi kafin a kai shi gidajen mata. In kuna da sunan da mutumin ya ba ku ranar da ya biya sanarwa, ku miƙa wa jandarma. Shirin tarihi kuwa kada ku daina, ba shi ya yi laifi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare gidan rediyon nan daga bakin maƙaryata, ya ba mu damana mai albarka.

Gobe Lahadi, kasuwar Tawa. Da na sallame Asuba zan kora jakina, shi kaɗai ya rage mini, in sai da shi. Akwai wani manomin Kalfu da na san irin hatsinsa, gunsa zan auna wa Hajo abin shuka, ko ta karɓa ko ta bar shi a ƙofa. Daga nan zan zo gidanku da jika ukunku a hannu. Ba na son a karanta mini, da bakina zan faɗa, kuma ba zan tashi daga ƙofarku ba sai an kunna mini abin magana. Zan fara da gyaran da ya kamata in yi tun bara: uwar Tanko 'yar Barmu ce, Nomau ne ya yi kuskure.

Wassalam.

Nomau ɗan Illo,
daga wani ƙauye a arewacin Tawa.