Igiyar Sabon Ampili

Baban Zinariya,

Na wuce Jugu wurin bikin suna. Mai gyaran wuta ya zo kana barcin rana. Ya ce wayar ɗakin radiyonka siririya ce, in ka jona sabon ampilin nan na ƙara wa radiyo ƙarfin aika murya, za ta kama wuta har rufi. Gobe zai canza ta, ya kafa ƙarfen kariyar lantarki a ƙasa. Don Allah kada ka kunna kafin nan. Na san halinka, shi ya sa igiyar wutar ampilin tana jakata sai na dawo jibi. Ka yi haƙuri.

Ka ce in ampilin ya fara aiki har Faransa za a ji ka. Madalla. A samo wanda zai sa ka ji ni daga madafa.

Lauratu