Man Gyaɗa a Kwalbar Magani

Yaya Kulu,

Na wuce asibiti, ba ki dawo daga gidan suna ba. Ɗazu Fanta ta garin Fammar ta zo da ɗanta, tana son ƙarin man gyaɗan da muke sayarwa. Ashe cokali biyu take ba shi kullum don tari! Wai ai ni nas ce, ni na sayar mata, kuma a kwalbar magani yake. Na tafi da su a duba yaron, ƙirjinsa bai yi min ba.

Shin mutum nawa ke shan manmu da cokali? Ki taya ni tunowa.

Don Allah ki juye sauran a gwangwani kafin Sista Baturiya, shugabarmu a asibiti, ta ji. Duk wadda ta zo, ki gaya mata na miya ne.

Lubabatu