Doki biyun Mushe da jar motata

Assalamu alaikum Malam Edita da 'yan uwa masu karanta wannan fili. Wanda zai ƙaryata ni ya gyara zama tun yanzu, domin abin da zan faɗa ko ni da aka ba ni labarinsa sai na ce a rantse mani. Don girman Allah ku taimake ni da shawara, kai kuma Edita ka sakaya sunana, ko da yake ban san amfanin sakayawar ba, tunda duk Jibiya mutum ɗaya ke da jar mota marar rufi, har awaki sun san shi.

Ni awon gyaɗa nake ma wani kamfani, gidana na cikin gari, rumfar sikelina na Magama, wasu ranakun kuma sai na tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransi, wato can Maraɗi, wajen masu kawo mana kaya. Jar motar nan wajen wani Bature na saye ta da zai koma gida, mazaunin mutum biyu gare ta, in ta samu hanya mai kyau wallahi inuwarta ma sai ta biyo mu daga baya. To amma ina hanya mai kyau a nan? Cikinta a ƙasa yake kamar na ƙadangare, rairayi kaɗan sai ta kwanta, in fito da babbar riga ina roƙon masu jakuna su tura ni. Akwai wata tsohuwa 'yar Farfaru mai tallar daddawa, kullum tare muke barin gari, kullum ita ke riga ni isa, har ta fara tambayata ko akwai saƙon da za ta kai mani gaba. Ga shan fetur kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Baturen kamfani ya riga ya ja mani kunne a kan makara, ya ce in kakar bana ta shigo ina haka, sikeli zai koma hannun wani. Shi ya sa na ce bari in nemi 'yar ƙwarya-ƙwaryar mota ta zuwa aiki, ja kuma a bar ta don Juma'a da ɗaurin aure.

Ana haka sai wani mai gyaran mota a hanyar Maraɗi ya aiko mani wai yana da doki biyu na sayarwa. Sunan da ake kiransa Mushe, kada ku yi dariya, a can girmamawa ce, wanda ya ɗan ji Faransanci shi ake ce ma haka. Na aika mashi ni mota nake nema, ban da ciyawar ba dawaki. Ashe sunan motar ke nan a bakin Faransawa, wai ƙarfin injinta na doki biyu ne. Na je na gan ta, mummuna ce ta ƙarshe, kamar an kifa kwanon wanki a kan ƙafafu huɗu, rufinta tamfol, in ka jingina da ita sai ta rusuna maka. Amma da muka shiga rairayi, jama'a, tafiya take kamar a kan tabarma. Da ya faɗi kuɗinta sai da na sa ya maimaita, domin ko sirdin doki ɗaya mai kyau ya fi haka, balle biyu.

Daga nan ne na fara zargi. Mushe ya ce akwai sharaɗi, kowace Juma'a in kai mashi ita garejinsa da hantsi ya sa mata giris kyauta, in tafi masallaci, in dawo in ɗauka. Kada wani makanikin ƙasar Ingilishi, wato na nan wajenmu, ya taɓa ta, wai ba su san hannunta ba. Kada in kwance tayar safaya, wai shi ya san iskar da ta dace da ita. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mai sayar da abu da ke bin sa da hidima haka ba, ko mai aurar da ɗiya ba ya cewa a maido ta duk mako a shafa mata mai.

Sannan motar ƙamshi take, irin turaren nan na Faransi mai tsada da ake ɓoyewa cikin buhun gero. Mushe kuwa in ya wuce ka, warin baƙin mai sai ya kwana a hancinka, to ƙamshin na wa? Ya ce matar wani kumandan na Faransawa ce ta zubar da kwalba a ciki. Na ce to, Allah Ya sa. Na ga irin motocin nan a Maraɗi, kujerunsu ƙyalle ne kawai a kan ƙarfe, wannan kuwa an cusa ta ta yi tim, ɗinkin sabo fil. Ƙofarta da ya kamata ta yi shafal, da na ja sai da na ji a kafaɗa. Na tambayi wanda ya riƙe ta kafin ni, Mushe ya ce ya tafi Makka. Mai shayin bakin garejin ya ce Damagaram aka tafi da shi, kuma ba da son ransa ba. Na koma ma Mushe da maganar, ya hau faɗa, wai na raina shi, wai mutanen Ingilishi ba su san alheri ba, ya ce in ba na so akwai masu layi. Na leƙa waje ban ga ko kare ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Sajen kwastan da ke tsaron shingen iyaka ƙanen mahaifiyata ne, shi ya yi mani aure. In ya hango ni ɗaga ƙarfe kawai yake, bai taɓa leƙa motata ba, saura kaɗan kuma ya aje aiki da mutuncinsa. Mushe bai yi mani ciniki ba ko sau ɗaya, amma lafiyar Kawu ya tambaya har na fara zaton tare suka yi makarantar allo. Har yana yaba mani cewa sitiyarinta a hagu yake, mu kuma hagu muke bi, saboda haka in na iso shinge fuskata ce za ta fara gaida Saje tun kafin ya dubi mota. Shi a ganinsa talla yake mani.

To 'yan uwa ku duba mani. Ban ga komai da idona ba, ƙila mutumin kirki ne ni ke da mugun zato, ƙila kujerar auduga ce. In na bar ta, gyaɗa ta kusa shigowa, jar motata za ta ci gaba da kwanciya a rairayi, sikeli ya tafi. In na saya aka wayi gari wani baƙon jami'i ya farke kujera a gaban Kawu, ni gidan yari, shi kuma a tuɓe mashi kaki da furfurarsa, da wane ido zan dubi Inna? In saya in farke kujerun da kaina in ƙi komawa garejin, alhali hanyar Maraɗi ta ƙofarsa ta bi? In haƙura in sayi jaki in bi bayan mai daddawa? Ko in sayar da ja, abin da ko a mafarki ba na so a ambata? Masu hankali ku ce wani abu.

Kada wani ya ce in tambayi Kawu, na riga na gwada. Na same shi a inuwar shinge yana cin goro, na ce mashi wani abokina ne aka yi ma tayin mota kaza da sharaɗi kaza. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi jar motata, ya dube ni, ya tofar da tuƙa ya ce: "Ka gaya ma abokin nan naka mai jar mota, Mushe na da dokinsa biyu tuntuni, jakin da zai ɗauko mashi kaya yake nema. In ya samu, ni ke ɗaure jakuna a bakin shingen nan, kuma ba na tambayar ɗan wa ne."