Gwiwar Inna da Hawa na Uku

Ƙofar Dundaye, Sakkwato

Assalamu alaikum Khaula ɗiyata,

Ina kwana, ya jikin naki, ya maigidan? Muna lahiya lau, babanki na gaishe ki. Kin ce in bar aiko maki murya don kina ofis ba ki iya saurare, to ga ni ina rubutawa da yatsa guda. In kin ga kuskure ki gyara da kanki, kin san ba nisa niy yi a boko ba.

Tunda kinka ce likita ya hana ki zuwa gida haihuwa saboda hawan jinin ga, ban ja ba. In ke ba ki zuwa, ni ina zuwa Abuja. Na sa an daka yaji, na sayi robar wanka babba mai ruwan ganye. Kin san matan yayyenki, kowace in ta haihu gidan uwatta take tahiya. Sai ran suna a miƙo mani jinjiri ya sha wanka ya sha hoda, in riƙa awa baƙuwa, in mayar. Ke kaɗai ce mace gare ni. Wanga jika ni zan wanke shi da hannuna in Allah ya so. Hwaɗa mani watan da zan taso.

Allah ya raba lahiya.
Innarki

*

Abuja

Wa'alaikumus salam Inna,

Da fatan kuna lafiya ke da Baba da kowa na gida. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi, saura wata biyar in ji likita.

Inna, don Allah ki karanta wannan a hankali, kada ranki ya ɓaci. Gidan da muka koma bene ne, kuma muna can hawa na uku. In aka ɗauke wuta ruwa ba ya hawowa, sai an sauka ƙasa an ɗebo a bokiti. Ke kuwa kin daɗe kina sallah a kan kujera saboda gwiwa. Ranar da kika raka ni tasha sai da aka kama ki kafin kika fito daga keke. Yaya zan yi in kika faɗi a matattakala ina kwance da ɗanyen jego?

Mun yi shawara da maigidan. Gwaggonsa, Gwaggo Ummu, tana nan kusa da mu, ta ce za ta zo ta yi mini wankan. In mun yi arba'in, mu da kanmu za mu kawo miki shi har ɗaki.

Ki yafe mini. Ki gaida Baba.
'Yarki, Khaula

*

Ƙofar Dundaye

Salamu alaikum Khaula,

Na ga saƙonki. Lahiya lau muke.

Gwaggo Ummu wa? Wadda ran bikinki tac ce waina tamu ba ta tashi ba? Ita za ta wanke mani jika ina raye ina numhwashi? To.

Bari in hwaɗa maki abin da niy yi, don yayanki Sa'ad ya gani kuma bakinshi ba ya riƙe magana. Washegari da sahe na sa silifa na ce bari in gwada ƙahwar ga da anka raina. Na taka har babbar kasuwa, ban hau keke ba. Na auni gero na aza a ka na dawo da ƙasa, rana na dukana. A hanya ina ta tsara yadda zan ba ki labari. Khaula, kahin la'asar gwiwata ta hagu ta zama awa tulu. Ko buta sai da anka miƙo mani.

Na aika a kira wanzami ya kahwa mani ƙaho. Yana cikin hiddo kaya sai ga Malama Kande ta shigo sayen hura. Kin tuna ta, mutuniyar Zuru, wadda ke koya wasanni a makarantar 'yan mata, mai usur a wuya. Tac ce, "Maman Sa'ad, mene ne wannan?" Da niy yi mata bayani, tac ce ma wanzami ya tattara ƙahonninshi ya je ya yi ma wani aski. Ta sa anka sayo ƙanƙara ta naɗe a tsumma ta ɗora mani. Da sahe ta zo da keke ta kai ni asibiti. Sun ɗauki hoto, likita yac ce ba karaya, gwiwar ta sha aiki ne kuma naman cinya ya saki don zama ya yi yawa. Wai zaman da nike don in lallashe ta, shi ke ƙara kashe ta.

Kande ta ce in kumburin ya sauka za ta koya mani motsa jiki, amma da sharaɗi, ba jarumta. Na ce na ji.

Kada ki ce ma Gwaggo Ummu komi tukun.

Allah ya yi maki albarka duk da haka.
Innarki

*

Abuja

Assalamu alaikum Inna,

Ya gwiwar? Wallahi da Yaya Sa'ad ya turo mini hoton sai da na yi kuka a ofis. Abin da nake tsoro ke nan. Don girman Allah ki zauna wuri ɗaya. Na gode wa Malama Kande, amma magana tana nan yadda muka yanke. Maigidan zai shigo Sakkwato bayan Sallah, zai zo ya gaishe ku, ya kuma yi miki bayani da bakinsa, tunda nawa ba ya shiga.

Allah ya ƙara sauƙi.
Khaula

*

Ƙofar Dundaye

Salamu alaikum ɗiyata,

Kin ji ni shiru kwana biyu, ba hushi ba ne, aiki ya yi mani yawa. Ya nauyin jiki? Yana motsi?

Ashe abin ba da ƙarhi ake yinshi ba. Ni na zaci Kande za ta sa ni gudu. Ranar hwarko kujerar sallata tad ɗauko ta jingina da bango, tac ce in zauna in tashi ba tare da na dahwa komi ba. Na ce wanga ai wasan yara ne. Ban yi nisa ba cinyata ta kama rawa. Ta kuma sa in kwanta a tabarma in miƙe ƙahwa in ɗaga ta sama kaɗan in riƙe. Babanki ya leƙo yac ce, "Inno, keke kike koyo ko iyo?" Na ce ya bari in na ƙware in goya shi.

Ta ce ciwo iri biyu ne. In nama ne ke zogi, wannan lada ce, a ci gaba. In cikin gwiwa ne anka soke ki awa da allura, ko ta kwana da kumburi, to an wuce gona, a tsaya a rage. Kuma yau aiki, gobe hutu. Hutun ga shi yah hi ba ni wuya, kin san halina.

Silifa kuwa ta hana. Takalmin kambas tas sa Sa'ad ya sayo mani, hwari tas, da wando a ƙarƙashin zane. Ran da nih hwara hita da shi bayan asuba, Hajiya mai ƙosai ta daina juya ƙosai ta bi ƙahwata da kallo, tac ce, "Inno, ƙwallo za a buga?" Na ce, "Eh, mai tsaron gida muke nema, kin ga ke kin cika raga." Yanzu ita ma ta shigo, mu huɗu muke zagaya hilin makaranta, a kan ƙasa, don Kande ta ce kwalta ba ta tausayin gwiwa.

Da munka samu wata guda tas sa ni hawa dakalin ƙohwar gida, in hau in sauka. Sannan bokiti, biyu, ɗaya kowane hannu, ruwan rabi rabi. Wai in ɗauki rabi in dawo ya hi in ɗauki cikakke in kwanta. In zan ɗaga kuma ba duƙawa da baya, sai in kai ɗuwawu baya awa mai shirin zama.

Yanzu muna benen makarantarsu in an tashi yara. Kowane mako tana ƙara mani kaɗan. Ban ce maki komi ba, labari kawai nike ba ki.

Af, na manta. Juma'ar da ta wuce na kai goshina ƙasa a sallar asuba. Na daɗe a sujadar har babanki yay yi gyaran murya.

Ki ci abinci. Ki gaida maigidan.
Innarki

*

Ƙofar Dundaye

Salamu alaikum Khaula,

Ki aje abin da kike yi ki karanta wanga, kahin mijinki ya iso ya ba ki nashi.

Jiya da la'asar mijin naki Malam Abdulrazak ya zo gida bai ishe ni ba. Babanki, maimakon ya ba shi tabarma ya aika a kira ni awa yadda mutane ke yi, sai yac ce, "Tana makaranta, je ka same ta can." Na san da gangan yay yi.

Ina gindin bene, na naɗe zane har ƙwauri, wando a waje, kambas a ƙahwa, hijabi na ɗaure a ƙugu, zuhwa na zuba, bokiti biyu a hannu. Sai nid ɗaga kai nig ga suruki na tahe cikin shadda. Khaula! Mutumin da ko abinci ban taɓa ci gabanshi ba! Na duba hagu ba ɗaki, dama ba ɗaki, ajujuwan ƙasa duk an kulle. Ba wurin ɓuya sai sama. Sai nik kama hawa.

Ban ko tuna in aje bokitan ba. Kande na bayana tana ihu, "Maman Sa'ad, duka tafin ƙafa a kan matakala! Kar ki yi sauri! Gwiwa ta bi yatsa!" Shi kuma bawan Allah ya ga surukarshi ta yi sama, ladabi ya hana shi tsayawa, ya biyo ni yana "Inna, ina wuni, Inna." Ina jin shi sai in ƙara gaba. Na wuce hawa na ɗaya, na wuce na biyu. Ban tsaya ba sai da bene yaƙ ƙare, na shige wani aji na warware zane na gyara hijabi na zauna a benci awa ba ni ba.

Na jima zaune kahin ya iso. Hula a hannu, yana haki awa wanda anka koro. Ya durƙusa zai gaishe ni, gwiwarshi ta ce ƙas, har Kande ta ji daga ƙohwa. Na kau da kai na ce, "Malam, a huta tukun, ba sauri." Kande ta ɗebo mashi ruwa a bokitina ya wanke huska. Ko ɗigo ban zubar a hanya ba, ki tambaye shi.

Da numhwashi ya dawo mashi na ce, "An ce akwai saƙo daga Abuja." Ya dubi bokitan, ya dubi tagar, muna hango rufin gidajen unguwa duka a ƙasa. Yac ce, "Babu komai Inna, gaisuwa ce kawai."

Saukowa a hankali niy yi, hannu a ƙarhe, don Kande ta ce sauka ta hi hawa cin gwiwa. Yau da sahe na duba, ba kumburi. Kande ta ba mijinki shawara ya hwara da kujera.

To, ina saurare.
Innarki

*

Abuja

Wa'alaikumus salam Innata,

Na yi dariya har sai da maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ji ko naƙuda ce. Maigidan ya iso, kuma bai musa ko kalma ɗaya ba. Shi da kansa ya je ya ba Gwaggo Ummu haƙuri, ta ce to za ta zo ran suna ta ga irin wainar da za a yi.

Yaya Sa'ad zai sa ki a mota farkon wata. Amma Inna, likita ya ce ba kunun kanwa, ba tafasasshen ruwa, saboda jinina. Wannan kam ba bene ba ne, ba ja-in-ja. Ki taho da yajin da robar.

Na ƙagu in gan ki.
'Yarki, Khaula

*

Abuja

Salamu alaikum Malama Kande,

Ina kwana, ya yara, ya makaranta? Ki gaida maigidanki Malam Ishaya da su Hajiya mai ƙosai, ki ce kada su yi lalaci don ba ni nan.

An sauka lahiya ran Talata, namiji, uwa da ɗa ƙalau. Benen nasu ma bai kai namu na makaranta tsawo ba. Yau ba wuta, na sauka na ɗebo ruwa, rabi rabi, ban manta ba. Na zauna a 'yar kujera ƙasa, na miƙe ƙahwahu, na kwantar da angon nawa a kan gwiwoyina na wanke shi tas, yana ta tsala ihu. Ina gamawa ya yi mani hitsari a ta hagun. Na ce madalla, na karɓa.

Sannan nit tashi da shi a hannu, ban dahwa komi ba.

Allah ya saka maki da alheri.
Taki, Maman Sa'ad