Cukun Baba da Goshin Wendell

Noreen,

Kada ki tsorata da jinin da ke kicin, na ƙanenmu Wendell ne. Zan kai shi asibiti a ɗinke masa goshi.

Na samo wa Baba cuku a wata gona bayan garin Plymouth. Tsohon cuku ne wanda ake kira ceda, mai cizon harshe, irin wanda Mama ke sayowa a da. Baba ya ɗanɗana, ya ce, "Shi ne. Ƙaro min." Kin san rabonsa da neman ƙarin abinci tun rasuwarta.

Sai ga Wendell a buge da rana tsaka. Ya fizge farantin ya ce, "Tsoho, kana ta cin cuku, yaushe za ka yarda a sayar da gonar?" Baba ya miƙa hannu zai karɓa, Wendell ya hankaɗe shi har kujerarsa ta kife da shi. Ban san lokacin da na ɗauki kaskon ƙarfe na maka wa Wendell a goshi ba. Ya zube, ya taso ya shaƙe ni, na ƙara masa.

Baba ya kurje gwiwar hannu kawai, yana barci. In ya tashi ki yanka masa cukun siriri da tuffa, yana firji.

Wendell na cikin mota yana ihun zai kai ni ƙara. Na ce ya bari a ɗinke shi tukuna.

Darlene