Motar Da Dillali Ya Gyara Kyauta

Ingila, Fabrairu 1984

Baffa Maikano,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inno, ya ɗiban tumatir a Bunkure? Ni lafiya lau.

Na sayi tsohuwar mota wajen wani dillali, kwana tara giyarta ta lalace, da na koma ya kore ni. Mako biyu ina taka ƙanƙara zuwa makaranta, ƙafafuna suka farfashe, amma sun warke. Sai maƙwabciyata ta kai ni ofishin kare haƙƙin masu saye, suka rubuta wa dillalin wasiƙa. Baffa, da kansa ya zo ya gyara ta kyauta, har yana ba ni haƙuri! Ni baƙo, marar kowa!

A aiko min yaji, a sa ni a addu'a.

Na tuna injin ban-ruwanka da ya mutu ranar saye, aka ce ƙaddara ce. Ashe akwai inda ake mayarwa.

Ɗanka,
Garzali