Allin Malama

Litinin, 2 ga Yuni
Sabon gida ya shigo hannuna. Ɗaki uku da falo, rijiya a tsakar gida. Mai shi tsohuwar malamar makaranta ce, za ta koma wurin 'yarta saboda ciwon ƙafa. Na ce gobe zan turo mai fenti, ta ce ba ta so. Tsofaffi dai!

Laraba, 4 ga Yuni
Shekara goma sha bakwai ina dillanci, wallahi ban taɓa ganin irin na yau ba. Na shiga na tarar ta bi bango kaf da alli. Duk inda ya tsage ta zagaye, ta rubuta a gefe: "Nan yana yoyo in ruwa ya zo da iska." Ta sa an janye kabad ɗin kicin, inda ko ɓera ba ya leƙawa, ta rubuta: "Danshi, shekara shida." A murfin rijiya: "Tana ƙafewa wata biyu a shekara." Rubutu tsaf, kamar a allon aji.

Na ce, "Malama, gida za ki sayar ko jarabawa kike dubawa?"

Ta ce, "Ɗana, wanda zai kwantar da 'ya'yansa a nan ai gara ya sani."

Na ɗauki hulata na fita sum-sum. Ni da bakina ke ciyar da ni!

Alhamis, 5 ga Yuni
Mutum uku sun zo, sun karanta bango, sun yi gaba. Raina ya ɓaci, na ce a goge ko da rabi ne. Sai ta miƙo min tsumma, ta ce in goge da hannuna. Na fi minti biyar tsaye riƙe da shi. Na kasa. Wai me ke damuna?

Asabar, 7 ga Yuni
Na tambayi ƙanin matata, lauya, kamar da wasa. Ya ce aibin da mai saye ba zai iya gani da idonsa ba, in mai gida ya sani ya rufe, ana iya kai ƙara, a warware cinikin ko a biya kuɗin gyara. Dillalin da ya sani ma ba ya tsira. Ya ƙura min ido. Na ce masa shayinsa zai huce.

Wani tela nake tunani. Bara na sayar masa da gida a bayan kasuwa. Bangon ɗakin yara a tsage yake tun daga tushe. Ni na kawo mai fenti, ni na ce a shafa sau biyu. Har yau in ya hango ni sai ya bar keke ya taso ya gaishe ni.

Laraba, 11 ga Yuni
Ikon Allah. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo da mijinta. Suka karanta bango layi-layi, tana ɗauka a waya. Ta ce, "Mama, gida tara muka gani, duk an ce mana babu aibi ko ɗaya, shi ya sa muka ji tsoronsu." Suka nemi ragi kaɗan, aka sallama.

An riga an sa hannu fa, an gama komai, sai Malama ta dafa sanda ta miƙe. Wai ta manta da matakalar baya, ta uku tana motsi. Ta ja ƙafa ta je ta zagaye ta. Ashe har yanzu akwai irin mutanen nan, ni kuwa ina ta yawo cikinsu da bokitin fenti.

Ta bar guntun allin a kan taga. Na sa a aljihu, ban san dalili ba.

Juma'a, 13 ga Yuni
Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Gadon yaran tela a jikin bangon nan yake. Ni na taya shi shigar da shi.

Asabar, 14 ga Yuni
Na biya ta gidan tela. Ba wani abu ba ne, hanya ce ta bi da ni. Na ce ya zo mu janye gadon. Na ja layi da allin Malama a kan fentin, daidai inda tsagar take, daga ƙasa har silin.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Dama ka sani?"

Na ce na sani. Na rubuta masa lambar wani lauya, ba ƙanin matata ba. Bai rako ni ba, bai kuma ce in gai da gida ba.

Allin ya ƙare. Gida huɗu ne a hannuna, sai dai in sayi kwali guda.